Abdulkarim Bajamushe, Baƙon Da Ya Yi Lissafin Zaren Matan Kano

 Kwanakin baya a ajina, nan Gyaɗi-Gyaɗi, na tambayi yara abin da suka sani game da ƙasar Jamus. Maza suka yi ta jero mini sunayen motoci da na 'yan ƙwallo, wata yarinya kuma ta ambaci Hitila, don ta taɓa jin yayanta yana zancensa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa jin cewa wani Bajamushe ya zauna a unguwar Dala fiye da wata guda, yana fama da zazzaɓi da bashi, tun shekara hamsin da biyu kafin Turawan Ingila su ci Kano. Ban ga laifin yaran ba, domin ni ma sai da na shiga kwalejin horon malamai sannan na ji sunansa. Shi ne Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim. Abin da ya sa na kawo muku labarinsa a filin mata kuwa, za ku gani idan mun iso Kano da shi.

An haife shi ran 16 ga Fabrairu, 1821, a Hamburg, wani babban birnin ciniki da jiragen ruwa ke tsayawa. A lokacin babu wata ƙasa guda da ake kira Jamus. Jamusawa a rarrabe suke cikin ƙananan ƙasashe sama da talatin, kowace da mai mulkinta, Hamburg kuwa cin gashin kanta take yi. Abin da ya ɗaure su wuri ɗaya shi ne harshe da littattafai da manyan makarantu. Mahaifin Barth ɗan kasuwa ne wanda ya taso daga talauci, saboda haka ya ɗauri aniyar sai 'ya'yansa sun yi karatun da shi bai samu ba. Yaron ya taso ba shi da yawan abokai, ba ya wasa, sai littafi, har ya fara koyon Larabci shi kaɗai tun yana makaranta. A 1839 ya shiga jami'ar Balin, ya sami digirin dakta a 1844.

Daga 1845 zuwa 1847 ya zagaya ƙasashen bakin Bahar Rum da kuɗin mahaifinsa. Kusa da iyakar Masar 'yan fashi suka tare shi, suka harbe shi a ƙafa, suka tafi da kayansa har da yawancin takardun da ya rubuta. Da ya koma gida ya fara koyarwa a jami'a, amma ɗalibai ba su cika zuwa ajinsa ba, saboda ba shi da daɗin baki. Ni da nake tsayuwa gaban allo kullum na san zafin wannan. Ya kuma nemi wata yarinya da aure ta ƙi shi, har ya mutu kuwa bai yi aure ba. Yana cikin wannan hali ne a 1849 labari ya zo cewa Gwamnatin Ingila za ta aiki wani Bature, James Richardson, ya ƙetare Sahara don neman hanyar ciniki da kuma duba yadda za a hana cinikin bayi, ana son masani ya raka shi. Mahaifin Barth da farko ya ƙi, daga baya ya haƙura. Aka haɗa su da wani saurayi Bajamushe masanin duwatsu, Adolf Overweg. Kun ga ke nan Bajamushe ne, amma ƙarƙashin tutar Ingila ya zo, don ƙasarsa ba ta haɗu ba tukuna balle ta aiki wani.

Suka tashi daga Tarabulus a watan Maris na 1850. Ba su yi nisa ba taurin kansa ya kusa kashe shi. Kusa da garin Gat akwai wani dutse, Idinen, wanda Buzaye suka ce masa fadar aljanu ce, kada ya je. Ya ƙi ji, ya tafi shi kaɗai, ya ɓata, ruwansa ya ƙare, har ƙishirwa ta sa ya tsaga hannunsa ya tsotsi jininsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa ya tsince shi kwance gindin itace. Allah Sarki, da wannan bawan Allah bai bi sawu ba, da labarin ya ƙare a nan. A hanya ya riƙa koyon Hausa daga bakin fatake da barori, ya shiga Agadas a watan Oktoba. A farkon 1851 su ukun suka rabu a Damargu, da alkawarin su haɗu a Kukawa, babban birnin Barno. Barth ya biyo ta Tasawa da Katsina, inda aka tsare shi 'yan kwanaki ana ja-in-ja a kan gaisuwar da zai bayar, sannan ya shigo Kano ran 2 ga Fabrairu, 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo.

Kada ku ɗauka shigar alfarma ya yi. Ya iso da bashin wuri 112,300 a wuyansa, kuɗin dakon kaya da na masu rakiya da rancen da ya ci a Katsina. Kayan da ya dogara zai sayar ba su yi kasuwa ba, masu bin sa bashi kullum suna ƙofar gida, ɗakin da aka sauke shi ga duhu ga zafi, zazzaɓi kuma ya kwantar da shi. A cikin wannan hali ya cika shekara talatin da haihuwa. Da ya ɗan ji sauƙi sai ya yi shiga irin ta Larabawa, ya hau doki, ya je ya gai da Galadima da Sarki, ya kuma shiga zaga gari lungu-lungu da ɗan littafinsa a aljihu.

To, ga inda zancen ya shafe mu. Baƙi da yawa idan sun zo gari fada kawai suke gani, da dawaki da mayaƙa. Shi wannan ya leƙa har cikin gidaje. Ya rubuta yadda ya ga uwargida cikin tsabtataccen baƙin zane, da kitsonta tsaf, tana kaɗi ko tana haɗa wa maigida abinci, tabarma a shimfiɗe ƙarƙashin inuwa, ƙore da tukwane a wanke a jere, yara suna wasa da awaki a tsakar gida. Ya tsaya a marina ya ga masu dama baba da masu tsoma tufa da masu bugu. Bai ɓoye abin da bai yi masa daɗi ba. Ya yi kukan ƙazantar Jakara da kududdufai, ya ce su ne tushen cutar garin. Ya kuma ga rumfar da aka jera bayi kamar dabbobi, an raba su da iyaye da mazaje, suna zuba ido su ga hannun wanda za su faɗa. Ya kimanta cewa bayin da ake fita da su daga Kano sun kai 5,000 a shekara. Wannan ma tarihinmu ne, ko da ba ma son jin sa.

Ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000, amma daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ayari ke shigowa, sukan kai 60,000. Da ya bincika asalin arzikin garin sai ya tarar tufafi ne: riguna da turkuɗi da zannuwa da rawuna, waɗanda aka saƙa aka rina a nan. Ya bi sawunsu ya ga suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, suna kaiwa Tambutu ta yamma, har gaɓar tekun Atalantika. Ya sa kuɗin tufafin da ake fitarwa a kan wuri miliyan 300 a shekara, ya ce kuma wannan mafi ƙaranci ne. A wani wurin ya nuna cewa wuri 50,000 zuwa 60,000 sun isa iyali guda su ci su sha su yi sutura shekara ɗaya cur ba tare da matsi ba. Na ba 'yan ajina wannan lissafi a allo, ku ma ku gwada: a raba miliyan 300 da 60,000, abin da zai fito gida 5,000 ne. Watau tufa kaɗai tana iya riƙe gida dubu biyar daga wannan damina zuwa waccan.

Yanzu ku tambayi kanku, wa ya yi zaren? Masaƙi ba ya saƙa iska, marini ba ya rina ruwa. Kafin ƙwarya ɗaya ta hau masaƙa sai mace ta gurje auduga ta fitar da gurya, ta shiɓe ta, ta shafa alli a yatsa ta murza mazari, dare da rana, tsakanin daka da girki da goyo. Babu sunan ko ɗaya daga cikin matan nan a tarihin sarakuna, amma rawanin da Buzu ya naɗa a Agadas da turkuɗin da aka ɗaura a Tambutu daga yatsunsu suka fito. Barth ya lura da wannan tsari ya kuma yaba masa. Ya san irin manyan masaƙun Turai na zamaninsa, inda ake tara mutane kamar tumaki daga asuba har dare, sai ya ga a Kano sana'ar tana ciyar da iyali ba tare da ta raba kowa da gidansa ba. Sai dai gaskiya, cikin masu kaɗin nan da masu noman audugar akwai bayi da yawa, waɗanda ba su ga ko wuri ɗaya daga miliyan 300 ɗin ba.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu a Tarauni da har yanzu take ajiye da mazarinta cikin wani tsohon kwano, ko da yake idonta ya daina ganin zare. Da na ba ta wannan labari dariya ta yi, ta ce ita da kuɗin kaɗi ta yi wa 'yarta ta fari kwanukan jere, ba ta san kuwa wani Bature ya taɓa sa abin a littafi ba. Jikokinta kuma ba su san sunan abin da ke cikin kwanon ba. Wuraren nan namu, Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, a zamanin Barth bayan ganuwa suke, karkara ce da gonaki, irin karkarar da ya yaba wa albarkarta tun daga hanyar Katsina.

Wani abin da zai ba ku mamaki, kayan ƙasarsu sun riga shi zuwa. A kasuwar Kurmi ya tarar da ruwan takubba daga Solingen, da allurai da ƙananan tarkace daga Nuremberg, duka garuruwan Jamusawa ne, ga kuma akoko daga Manchesta ta Ingila da siliki daga Faransa, raƙuma sun ɗauko su ta Sahara. Ashe allurar da wata kakarmu ta yi ɗinki da ita, mai yiwuwa daga ƙasar wannan baƙo mai zazzaɓi ta fito, ba ta san shi ba, shi ma bai san ta ba.

A watan Maris ya bar Kano ya nufi Barno. A hanya ya sami labarin Richardson ya rasu kafin ya kai Kukawa. Shehu Umar da wazirinsa Alhaji Bashir suka karɓe shi hannu biyu. Daga can ya gangara Adamawa, ya ga kogin Binuwai ran 18 ga Yuni, 1851, amma a Yola Modibbo Lawal bai yarda ya zauna ba, don ya zo da mutanen Barno. A ƙarshen shekarar shi da Overweg suka bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, aka kama bayi a gabansu, aka yanka mazaje, aka ƙone garuruwa. Ya rubuta duk abin da ya gani cikin baƙin ciki, ya ce ba shi da wata hanyar ganin ƙasar in ba wannan ba. Masu yaƙi da cinikin bayi a Ingila ba su yafe masa ba, ni ma dai wannan uzuri bai gamsar da ni sosai ba.

A watan Satumba na 1852 zazzaɓi ya kashe Overweg a bakin tafkin Chadi yana da shekara talatin. Barth ya rage shi kaɗai. Maimakon ya juya gida sai ya fuskanci yamma. Ya bi ta Damagaram da Katsina, ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, ya zauna a Wurno, ya ziyarci Sakkwato. A Gwandu aka ara masa wani littafin Larabci na tarihin Songhai, Tarikh al-Sudan, ya zauna kwana da kwanaki yana kwafe shi. Ya yi kuskuren sunan marubucin, ya ce Ahmad Baba ne alhali Abdurrahman al-Sa'adi ne, amma ta hannunsa Turai ta fara sanin wannan littafi, rubutaccen tarihin dauloli na ɗaruruwan shekaru. Alhali kuwa a jami'ar da ya fito an taɓa koyar da cewa Afirka ba ta da tarihi.

Ya shiga Tambutu ran 7 ga Satumba, 1853. A yawancin tafiyarsa bai ɓoye cewa shi Kirista ne ba, sai a wannan hanya ya yi shigar sharifi don tsoron ransa. Da asiri ya tonu, masu mulkin Masina suka nemi a ba da shi. Babban malamin garin, Shehu Ahmad al-Bakkay, ya tsaya kai da fata ya ce baƙonsa ne, ba mai taɓa shi, ya riƙa fita da shi zuwa zangonsa a bayan gari idan abu ya yi zafi, suna zama suna muhawara kan addini da ilmi. Wata takwas ana wannan, sannan Shehun ya rako shi da kansa tafiyar kwanaki masu yawa a bakin Kwara. A watan Oktoba na 1854 ya sake shigowa Kano, yadda ya zo da farko haka ya dawo, ba kuɗi ba lafiya, sai da ya ci bashi mai tsananin ruwa wurin fataken Gadamas. A nan ya fahimci ashe an daɗe da yanke ƙauna da shi. Labarin mutuwarsa ya kai Turai, jaridu sun buga, danginsa a Hamburg sun yi makoki. Ku dubi halin uwar da aka ce mata ɗanta ya mutu a wata ƙasar da ba ta san ko ina take ba, bayan wata da watanni kuma takarda ta zo da rubutun hannunsa.

Ya isa Landan a watan Satumba na 1855, bayan shekara biyar da rabi da tafiyar fiye da mil 10,000. Littafinsa ya fito cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, da Turanci da Jamusanci, shafi wajen 3,500. Masana suka yaba, aka ba shi lambobin girma, amma jama'a ba su saya ba. Sun fi son littafin Livingstone da ya fito a 1857, mai labarin zaki da daji. Wa zai zauna karanta farashin turkuɗi da jerin sarakunan Barno? Shi ma bai taimaki kansa ba, ga saurin fushi ga zargi, ya ɓata da Turawan Ingila, suna ganinsa bare, shi kuma yana ganin sun ci amanar alkawarin da ya yi wa al-Bakkay da sunansu. Ya koma Balin, can ma wasu suna ganin ai Ingila ya yi wa aiki. Sai a 1863 ya sami kujerar farfesa, ita ma ba cikakkiya ba. Ciwon ciki ya kashe shi ran 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44, bai gama littafin da yake yi kan harsunanmu ba.

Shekara shida bayan rasuwarsa, a 1871, Jamus ta haɗu ta zama ƙasa ɗaya. A 1884 zuwa 1885 aka yi taron nan na Balin inda Turawa suka shirya yadda za su raba Afirka. Jamusawan wannan zamani jarumai masu kafa tuta suke so, ba mai zama gaban malamai yana kwafar littafi ba, saboda haka sunan Barth ya dusashe, ko da yake taswirorinsa sun yi wa masu mamaya amfani. Wani Bajamushe da ya biyo sawunsa zuwa Kukawa a 1870, Gustav Nachtigal, shi ne ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru a 1884, aka kuma sa wa wani dandali sunansa a Balin. To, bayan yaƙin duniya biyu, da ta'asar Hitila, da rabuwar ƙasar gida biyu daga 1949 zuwa 1990, Jamusawa sun zama mutane masu yawan tone tarihinsu suna tambayar wa ya cancanci a tuna da shi. A watan Disamba na 2022 aka cire sunan Nachtigal daga dandalin, aka sa na Manga Bell, don tunawa da Sarkin Duwala Rudolf, wanda Jamusawa suka rataye a 1914, da kuma tunawa da matarsa Emily. Barth kuwa, akwai titi mai sunansa a Hamburg, akwai cibiyar binciken tarihin Afirka mai sunansa a birnin Kolon, kabarinsa kuma yana Balin. A Agadas da Tambutu ana nuna gidajen da ya sauka. Waɗanda suka fi ɗaga darajarsa daga baya kuwa masana tarihin Afirka ne, bayan samun 'yancin kai, da suka buɗe juzu'an nan biyar suka tarar da garuruwansu a ciki.

Saura mutum ɗaya ban gaya muku ba. Lokacin da Barth ya koma Turai bai tafi shi kaɗai ba, ya tafi da samari biyu waɗanda Overweg ya 'yanta daga bauta, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, an kama shi yana yaro. Ya bi Barth har Tambutu, ya ga Landan, ya ga Hamburg da Balin. A Ingila ya zauna da wani Bajamushe ɗan mishan, James Frederick Schön, ya riƙa ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa, shi kuma yana rubutawa. Da su aka yi littafin Magana Hausa na 1885, ɗaya daga cikin littattafan farko na Hausar boko. Watau Bajamushe ya rubuta yadda ya ga ƙasar Hausa, yaron Hausa kuma ya faɗi yadda ya ga ƙasar Jamusawa, da sanyinta da irin cin abincinsu. Dorugu ya dawo gida, ya yi aikin tafinta shekaru da yawa, da tsufansa kuma ya koyar a makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909. A nan Kano ya rasu a 1912.

Daga Tarauni zuwa Gidan Ɗan Hausa ba wata tafiya ba ce. Na riga na nemi izinin kai 'yan ajina can bayan jarrabawa, daga nan mu wuce marinar Ƙofar Mata. Tsohuwar nan maƙwabciyarmu ta yarda za ta ara mini mazarinta mu tafi da shi, da sharaɗin in dawo mata da abinta kafin magariba.